Ranar da Ja Ya Ƙi Tashi

Waccan shekarar ta ba ni wahala, kuma Asabar ɗin da zan ba ku labari ta fi kowace rana a cikinta nauyi. Ban taɓa zama na faɗa muku ba, don ni ba mai yawan magana ba ne, kuma duk sanda na buɗe baki sai in tarar kun riga kun ji daga wani wuri. Abin da kuka ji shi ne ubanku bai je jana'izar yayansa ba, yana can wurin inji. Kai Habu ka faɗa mini a fuskata ranar da muka yi sa-in-sa a zaure. Ke Sadiya ba ki faɗa ba, amma na gani a idonki. To gaskiya ne, ban je ba. Ba kuma neman afuwa na zo yi ba. So nake ku san abin da ke cikin ɗakin da na zauna ranar, daga nan kowa ya yanke abin da ya ga dama.

Bappanku, Hamma Adamu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Kafinta ne a Shamaki, kun san shagon. Da na gama firamare ya gwada ni da zarto, ya ga katako ba ya shiga kaina, sai ya kai ni wurin wani abokinsa mai aikin wayar wuta. Daga wayar wuta na koma jan wayar kwamfuta a ofisoshi, ina hawa silin ina sauka kamar ɓera, har wani asibitin kuɗi ya ɗauke ni in riƙa kula da ɗakin na'urorinsu. Takarda ba ni da ita. Abin da nake da shi hannu ne da haƙuri, da kuma cewa in an nuna mini abu sau ɗaya ba na sake tambaya. Hamma ya taɓa zuwa ɗakin ya ga wurin aikina. Sanyin ya buge shi tun daga ƙofa, ya ga babu ko kujera, a tsugune nake aiki. Sati bai zagayo ba ya aiko mini da ɗan benci na maɗaci, kuma daga ranar bai sake kirana da sunana ba sai mai gadin firji. Wata rana muna cin tuwo a gidansa, Goggonku Adda Hajara, 'yar'uwarmu, tana zaune a gefe, ya dube ni ya ce:

"Mai gadin firji, ranar da na mutu kai za ka saka ni a rami. Hannunka ya saba da kayan da ba a so su fashe. Yaran nan nawa jefa ni za su yi kamar buhun siminti."

Na ce, "Haba Hamma, kai da za ka binne mu duka."

Ya ce, "Na dai faɗa maka. Hajara, ki zama shaida."

Aka yi dariya, aka ci gaba da cin tuwo. Adda ba ta manta ba.

Yanzu bari in gaya muku abin da ke ɗakin, don ba firji ba ne. Asibitin ya daina aiki da fayil na takarda. Hoton ƙashi, hoton cikin kai, sakamakon gwajin jini, maganin da aka ba kowane majiyyaci, duk suna ajiye a wasu manyan akwatunan ƙarfe da ni nake kira rumbu. Kwamfutocin da likitoci ke dubawa ba su riƙe komai ba, daga rumbun suke ɗebowa. Tsakanin su da rumbun akwai na'urori biyu masu faɗi kamar tire, ana ce musu suwic. Ba irin makunnin bango ba ne, mararraba ce, duk wayoyin faiba nan suke haɗuwa, shi yake nuna wa kowane saƙo hanyar da zai bi. An yi su biyu da gangan. Kowace babbar kwamfuta tana da waya biyu, ɗaya ta bi ta wannan, ɗaya ta bi ta wancan, in hanya ɗaya ta toshe kaya su bi ta ɗayar ba tare da kowa ya sani ba. Ni na naɗa wa wayoyin ɗaya jan salatif, na ɗayan shuɗi, don kar in rikice. Shi ke nan suna ya bi su, Ja da Shuɗi.

A shekarar ne suka kamu da wata cuta. Haka kawai ɗaya zai ɗauke, fitilunsa su mutu, ya ɗan jima sannan ya farfaɗo da kansa. Ni suma nake ce mata. Yau Ja, bayan kwana biyu Shuɗi, wani lokaci a yi wata shiru. Ba a ji a jiki ba saboda ba su taɓa suma tare ba. Injiniyar da ke kula da su daga Abuja take, sunanta Ngozi. A nan garin aka haife ta, unguwar Herwagana, ubanta yana sayar da kayan gyaran mota, Hausarta ta fi tawa tsabta. Ita ce kai, ni ne hannu. Daga can take shiga na'urorin ta intanet, abin da ke buƙatar yatsa kuma ta kira ni. Ta ce ciwon a manhajar da ke cikin kansu yake, ta tsufa, maganin shi ne a zuba musu sabuwa. Asibiti kuwa ba a rufe shi, ba za ka ce wa mai naƙuda ta dakata ana gyara ba. Don haka aikin yana da ƙa'ida, kuma ta sa na maimaita mata ita kamar karatun allo. Kafin a taɓa komai a tabbatar kowace kwamfuta tana ganin rumbu ta hanya biyu. A kwafe saitin na'urar a ajiye gefe. A karkatar da kaya duka zuwa ɗaya, a yi wa ɗayan aiki. Ba a taɓa na biyu sai na farko ya dawo an ga ya ɗauki kaya. Ba a tsallake mataki, don namu sun yi nisa a baya, sai an hau da su sannu kamar tsani. Ta ƙarshe kuma, muddin asibiti yana tsaye da ƙafa ɗaya, mai hannu ba ya barin ɗakin.

Ni na ce a yi da rana, don in wuta ta ba da matsala akwai wanda zan kira. Muka zaɓi safiyar Asabar da babu tiyatar da aka tsara. Na fita daga gidanmu na Jekadafari da wuri, Ummanku ta ba ni kunu a fulas. Muka duba komai, hanya biyu ko'ina. Injiniya ta karkatar da kaya zuwa Shuɗi, muka fara da Ja. Matakin farko ya wuce lafiya, har tana tsokanata a waya.

"Malam Isa, in mun gama yau sai ka aiko mini da kilishi. Na nan Abuja kwali ne aka shafa wa yaji."

Na ce, "Ki fara gamawa, Injiniya. Ba a biyan tela kafin ya ɗinka."

A mataki na biyu Ja ya kashe kansa don ya tashi da sabuwar manhaja, kamar yadda aka tsara. Sai bai tashi ba. Fanka tana juyawa, fitila ɗaya ruwan ɗorawa tana kallona, sauran duk duhu. Muka jira. Injiniya ta daina wasa. Can ta ce manhajar da aka sauke ta samu rauni a hanya, intanet ɗinmu ya yanke mata wani yanki, yanzu na'urar ta zubar da tsohuwar kuma ta kasa haɗiye sabuwar. Daga Abuja ba ta ganinsa sam. Sai dai in jona waya kai tsaye daga bayansa zuwa kwamfutar hannu, in sauke manhajar daga farko in sa a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, in kashe shi in kunna, in danna wani maɓalli daidai lokacin da wani rubutu ya fito, sannan in rubuta duk abin da za ta karanto mini harafi bayan harafi. Ina cikin neman wayar a durowa sai Sista Rahila, babbar nas ta ɗakin tiyata, ta leƙo da kanta.

"Malam Isa, don Allah kar hotunanku su yi mana wasa yau. An kawo wani daga hanyar Bauchi, kansa ya fashe, Dakta ya shiga da shi. Da hoton yake aiki."

Na ce mata to. Ta ja ƙofa. Ba a jima ba ƙaramar wayata ta yi ƙara. Ummanku ce. Tun daga sallamarta na san ba lafiya.

"Malam, sai haƙuri. Hamma ne. Ya faɗi a shago yana cikin aiki, kafin a kai shi ko'ina rai ya yi halinsa. An ce bayan Azahar."

Na yi salati. Na zauna a kan bencin. Babbar wayar tana kan tebur a buɗe, Injiniya ta ji komai. Ta yi mini ta'aziyya yadda ake yi a garin nan, ba ta rage komai ba, sannan ta ce:

"Ka tafi, Malam Isa. Ka kulle ɗakin ka tafi."

Na ce, "In na tafi wa zai danna?"

Ta sake cewa in tafi.

Na ce, "Gaya mini gaskiya. Shuɗi zai riƙe har in dawo?"

Ta ce, "Wallahi ban sani ba. Zai iya yin wata bai suma ba. Zai iya suma yanzu muna magana."

"In ya suma fa?"

"Allon Dakta zai tsaya. Na kowa zai tsaya. Kuma abin da ake rubutawa a rumbu daidai lokacin zai iya lalacewa."

Ba ta ce in zauna ba, wannan ku riƙe shi. Har yau in na ji wani a dangi ya ce wata Inyamura ce ta hana ni zuwa, raina yana ɓaci, don ƙarya ce. Sau biyu ta ce in tafi. Ni na zauna na auna. Na yi tunanin in bar wa mai gadi aikin, ko akawun da ke karɓar kati, amma a bayan na'urar nan wayoyi sun fi gashin kai yawa, wanda bai sani ba zai zare ta Shuɗi yana zaton ta Ja ce, ya kashe asibitin da hannunsa. Na yi tunanin in je in dawo a guje, amma wanka da sutura da salla da maƙabarta ba abin gudu ba ne, rabin yini ne. Hamma ya riga ya tafi, ko na je ko ban je ba za a sallace shi a rufe shi da mutunci, Shamaki duka za ta fito masa. Mutumin da ke kan gadon Dakta kuwa bai tafi ba tukuna. Iyakar lissafina ke nan. Ba wani zurfi gare shi ba. Na ɗauki wayar na jona a bayan Ja.

Muna cikin sauke manhajar Adda Hajara ta kira.

"Isa, kana ina? An kawo ruwa, an yanka likkafani, kai ake jira."

"Adda, ina cikin wani aiki da ba ya sakuwa. Ku roƙa mini Liman a kai La'asar."

"Aiki? Adamu ne fa ya mutu."

"Na sani, Adda."

Na ji ta rufe wayar da hannu tana magana da wasu. Da ta dawo muryarta ta bushe.

"Liman ya ce ba a ajiye mamaci a zafin nan don jiran wanda ke cikin gari da ƙafafunsa. A gabana ya ce kai za ka saka shi, Isa. A gabana."

Ta kashe. Ban ga laifin Liman ba, a lokacin ma ban gani ba.

Sauran aikin babu abin labari a ciki, wahala ce kawai. Intanet yana tafiya kamar jaki mai kaya. Karo na farko na makara wurin danna maɓallin, rubutun ya wuce, sai da muka sake kashewa. Ni da yatsa biyu nake rubutu, kuma ranar idona ba ya gani sosai, sai in goge da hannun riga in ci gaba. Injiniya tana karanto haruffa a hankali, in na yi kuskure ta ce, "A'a Malam, goge ɗaya, ba komai." Ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Duk bayan numfashi sai in waiga in dubi Shuɗi, fitilunsa kore suna ƙyaftawa, shi kaɗai ɗauke da asibitin. Na ji kiran Azahar daga masallacin bayan katanga daidai lokacin da manhajar ta fara shiga daga filas, abin da ba a taɓawa kuma ba a barinsa. Na shimfiɗa kwali a tsakanin akwatunan na yi sallata nan. Ina zaune bayan sallama na san yanzu an jera sahu a ƙofar gidan Hamma, na san wa da wa ke sahun gaba, na san ana waigawa ana duba bakin layi. Kunun Ummanku yana nan a fulas ban buɗe ba.

Can Ja ya yi tari, fankarsa ta yi ƙara ta lafa, fitilu suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, daga ruwan ɗorawa zuwa kore. Injiniya ta ce ta gan shi. Amma tashi ba shi ne gamawa ba. Sai da ta mayar masa da saitinsa, ta ƙarasa matakin da ya rage, ta buɗe masa kaya kaɗan, muka zuba ido, sannan ta bi kwamfutocin tana kiran sunansu ni ina duba fitilar wayar kowace. Ta ɗakin hoto, hanya biyu. Ta ɗakin gwaji, hanya biyu. Ta kantin magani, hanya biyu. Da muka kai ta ƙarshe ta ce:

"Shuɗi sai wani satin. Ja ya warke, zai riƙe ko Shuɗi ya suma. Malam Isa, don girman Allah ka tafi."

Na kulle ɗakin. A baranda mutane suna zaune suna jiran layi, wata tana ba ɗanta nono, wani yana faɗa da mai karɓar kati. Babu wanda ya ɗaga kai ya dube ni. Na tari acaɓa. Tun kafin mu shiga layin su Hamma na fara gamuwa da mutane suna dawowa, ƙafafunsu da jar ƙasa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Aka ce mini Malam Modu ne ya shiga ramin tare da babban ɗan Hamma. Kun san Malam Modu, mutumin Borno da ya zo da iyalinsa lokacin da rikici ya koro su, Hamma ya ba shi gefen shago yana gyaran kujeru. Maza suka yi mini gaisuwa kamar yadda aka saba, babu wanda ya tayar da maganar rashin zuwana. A cikin gida ne Adda ta tare ni a tsakar gida, gaban mata.

"Me ya faru a asibitin?"

Na ce, "Ba komai."

"Gobara aka yi?"

"A'a."

"Wani ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu."

"To ba komai ne ya hana ka zuwa."

Irin aikin ke nan. In ka yi shi daidai, abin da za ka nuna shi ne babu abin da ya faru. Kuma zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa a dangi ba, don kar ku ce na ɓoye. Shuɗi bai suma ba ranar. Bai suma ba har satin da muka zuba masa tasa manhajar. Da na kulle ɗakin na tafi, da na wanke Hamma da hannuna, na saka shi, na dawo na tarar da komai yadda na bar shi. Wannan yanzu ne na sani. A kan bencin nan ban sani ba, Injiniya ma ba ta sani ba. Mutumin hanyar Bauchi kuwa, Sista Rahila ta ce an sallame shi da ƙafafunsa. Ban san sunansa ba, shi ma bai san da ni ba.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku ko da ba ku gane ba. Adda ta yi shekaru ba ta taka gidanmu ba, ko da aka haifi autarku aike ta yi. 'Ya'yan Hamma suna gaishe ni kamar maƙwabci. Da aka tashi aurar da Zainabu, 'yarsa ta fari, ni ne ƙanin ubanta, ni ya kamata in ba da ita, sai aka ɗauko wani kawu daga Kumo ya yi waliyyi, ni ina zaune a sahu na uku. Na sa albarka na ci goro na dawo gida. Wannan ya fi maganar Adda ciwo, kuma har yau bai daina ba.

Ranar dai ban samu zuwa maƙabarta ba, dole na zauna karɓar gaisuwa. Washegari bayan Asuba na cika jarka da ruwa na ɗaura a babur ɗin maƙwabcinmu, na bi ta Shamaki na buga wa Malam Modu ƙofa. Na ce ya zo ya nuna mini, don sababbin kaburbura duk kamarsu ɗaya, ban san wanne ne na yayana ba. Bai tambaye ni komai ba, ya sa hula ya hau baya. A bakin ƙofar maƙabarta na ciro wayoyina biyu na kashe, abin da ban taɓa yi ba tun da na kama aikin. Ya kai ni gindin wata ƙaramar darbejiya ya nuna. Na yayyafa ruwan, na gyara gefen da ƙasa ta zame da hannuna, muka yi addu'a. Sannan na ce:

"Malam Modu, yaya ka saka shi?"

Ya ce, "A hankali, Isa. Ni na riƙe kan. Ban bari ya taɓa gefe ba."

Na ce, "To madalla."

Muka ɗan ƙara zama har rana ta fara taɓa mana wuya. Na ɗauki jarkar muka fito. A bakin ƙofa na kunna wayoyin, na kai Malam Modu gida, na je na zauna a tabarmar makoki.